Jihohi 12 Kacal Ya Ci, To Ta Yaya Ya Zama Shugaban Ƙasa?

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi taswirar nan da ke kan allo. Da yawanku kun gan ta a WhatsApp, don duk lokacin da guguwar siyasa ta fara kaɗawa sai an sake tono ta. Taswirar zaɓen shugaban ƙasa ce na 2023. Tinubu ya ci jihohi 12, Atiku ya ci 12, Peter Obi ya ci 11 da Abuja, Kwankwaso ya ɗauke Kano. A ƙarƙashinta kuma sai a rubuta tambaya da manyan baƙaƙe: tunda doka ta ce sai jihohi 24, yaya aka yi mai 12 ya hau kujera?

Taswirar daidai take. Tambayar ce ta karkace, domin babu inda doka ta ce sai ɗan takara ya ci jihohi 24.

Ga sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999. Sharuɗɗa biyu ya gindaya. Na farko kowa ya san shi: ka fi kowa yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa. Ba a ce sai ka haura rabi ba, kamar yadda ake yi a Ghana. Tinubu ya samu ƙuri'u miliyan 8 da dubu 794 da ɗoriya, bai kai kashi 37 cikin 100 ba. Atiku ya kusa miliyan 7, Obi miliyan 6 da dubu 100. An gama da wannan.

Sharaɗi na biyu ne ke rikita mutane, don haka a nan za mu zauna. Ana so ka samu aƙalla kwatan ƙuri'un da aka kaɗa, wato kashi 25 cikin 100, a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24 cikin 36. Kwata aka ce, ba nasara ba. Kamar jarrabawa ce: ba sai ka zo na ɗaya a kowane darasi ba, makin wucewa ake nema a darussa masu yawa.

A matso mana da Kano. Kwankwaso ya samu ƙuri'u 997,279. Tinubu ya samu 517,341. Wa ya ci Kano? Kwankwaso, babu gardama, da tazarar kusan rabin miliyan. Amma abin da Tinubu ya samu ya kai wajen kashi 30 cikin 100. Ke nan an kayar da shi a Kano, kuma duk da haka Kano ta shiga jerin jihohin da ya cika sharaɗi. Atiku kuwa da ƙuri'unsa dubu 131 bai kai ko kashi 10 ba, shi Kano ba ta ƙirga masa ba.

Yanzu Katsina. Atiku ne a gaba, da ratar da ba ta kai ƙuri'u dubu 7 ba. A taswira an shafa wa jihar launin PDP baki ɗaya, kai ka ce babu ɗan APC ko ɗaya daga Daura har Funtuwa. A lissafin doka kuwa, su biyun duk sun tafi gida da Katsina a aljihu. Haka Legas: Obi ya kayar da Tinubu a gidansa da kusan ƙuri'u dubu 10, magoya baya suka kwana suna murna, amma jihar ta ƙirga wa kowannensu. Jiha ɗaya tana iya ƙirga wa mutum biyu, har uku ma.

Idan muka sake zana taswirar da wannan ma'auni, ga yadda take komawa. Tinubu yana da kwata a kusan jihohi 30. Atiku da Obi ba su kai 24 ba. Wannan taswirar ce ya kamata a riƙa yaɗawa, sai dai ba ta da daɗin gardama, shi ya sa ba ta yawo.

Me ya kawo wannan sharaɗi tun farko? A taƙaice, tsoron abin da ya faru a Jamhuriya ta farko. Jam'iyyar NPC ta riƙe Arewa, AG ta riƙe Yamma, NCNC ta riƙe Gabas, kowa da gandunsa. Juyin mulkin 1966 ya biyo baya, sai yaƙin basasa har 1970. Da Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin rubuta sabon kundi a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams, abin da ake nema shi ne shugaban da dole ya fita daga yankinsa ya roƙi ƙuri'a a wurin waɗanda ba yarensu ɗaya ba. Kenya ma ta ɗauki irin wannan dabara a kundinta na 2010. Ni dai a ganina tana cikin abubuwa masu hikima da aka saka a tsarin Najeriya. Matsalarta ɗaya: lissafi.

Ku kalli hotunan nan marasa launi. Agustan 1979 ke nan, zaɓen farko a ƙarƙashin sabon tsarin. Jihohi 19 ne a lokacin. Ɗauki alƙalami ka fitar da kashi biyu cikin uku na 19. Abin da zai ba ka shi ne 12 da biyu bisa uku. Shehu Shagari na NPN ya fi kowa ƙuri'u, kuma ya samu kwata a jihohi 12 cif. Ta 13 ita ce Kano, wadda a lokacin har da Jigawa ta yau a cikinta, kuma Malam Aminu Kano da PRP sun share ta. Shagari ya tsaya a kashi 19.94.

Obafemi Awolowo, wanda ya zo na biyu a zaɓen, ya ce ai ba a yanka jiha, saboda haka 13 ake bukata, Shagari bai kai ba. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya zo da nasa lissafin. Ya ce jihohi 12 sun cika, saura biyu bisa uku na jiha guda. To a ɗauki biyu bisa uku na ƙuri'un Kano, a fitar da kwatansu. Idan aka yi haka, abin da ake nema ya sauko zuwa dubu 203 da ɗoriya, Shagari kuma yana da dubu 243. Ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya ƙi yarda. Ranar 1 ga Oktoba aka rantsar da shi. Har yau malaman lissafi da lauyoyi ba su sasanta a kan wannan hukunci ba, kuma ni ba zan shiga tsakaninsu ba.

Abin dariya, duk ƙarin jihohin da aka yi daga baya ya faɗa kan adadin da ke rabuwa uku ba saura: 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Sai ga Abuja.

Sashe na 134 ya ambaci jihohin tarayya da Babban Birnin Tarayya. A 2023 Obi ya ci Abuja da kusan kashi 59, Tinubu bai kai 20 ba. Masu ƙara suka ce Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta, wanda bai samu kwata a can ba bai ci zaɓe ba. Kotun sauraron ƙarar zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Haruna Tsammani ta yi watsi da wannan ranar 6 ga Satumba, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 26 ga Oktoba. Hujjar tana sashe na 299, wanda ya ce a ɗauki Abuja tamkar ɗaya daga cikin jihohi. Ƙuri'ar mutumin Gwagwalada ba ta fi ta mutumin Gusau ba. Amma ku lura, idan Abuja ta zama ta 37, kashi biyu cikin uku ya koma 24 da biyu bisa uku. Guntun nan na 1979 ya dawo. Bai ciji kowa ba a 2023 saboda wanda ya ci ya wuce jihohi 25 da nisa. Ranar da wani zai tsaya a 24 cif, lauyoyi za su sha shagali.

Idan kuma babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu fa? Sai zagaye na biyu cikin kwana 21, abin da Najeriya ba ta taɓa yi ba a zaɓen shugaban ƙasa. A nan ne kaɗai cin jiha ke da amfani. Wanda ya fi kowa ƙuri'u zai shiga, amma abokin karawarsa ba lallai ne na biyu a yawan ƙuri'u ba. Wanda ya ci jihohi mafi yawa cikin sauran shi ne zai shiga, sai an yi kunnen doki a koma ga jimillar ƙuri'u.

Gwamnoni ma haka abin yake a sashe na 179, sai dai da ƙananan hukumomi ake aunawa. Kano tana da 44. Ku fitar da biyu bisa uku, ku rubuto mana amsar a ƙasa, mu ga wa zai bi Awolowo, wa zai bi Akinjide.