Ranar da Tarauni ta koma jihar Nasarawa

Malam: Jama'a barkanmu da warhaka, yau Auta ce ta zo mana da ƙorafi, tun a adaidaita daga Kabuga take ta mita.

Auta: Wallahi Malam kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Fayil aka turo min na rubutu zalla, ba tebur ba, sunan jiha a layi ɗaya, ƙananan hukumomi a ƙasa an ɗan tura su ciki, sai mazaɓu a ƙarƙashinsu an ƙara turawa, wani layin guntu wani dogo. Na sa read.csv, umarnin karanta fayil, a R, manhajar nazarin bayanai, abin ya fito kamar an zubar da tsaba.

Yaya: To ai read.csv tebur ya sani, so yake kowane layi ya zo da adadin gurabe iri ɗaya. Irin wannan readLines za ki fara yi, ki kwaso layukan yadda suke tukuna.

Auta: Na yi Yaya! Na ce wa R duk layin da ya ga sunan jiha to sabuwar jiha ce, na sa fill ɗin tidyr, umarnin cike gurabe, ya riƙa sauko da sunan ƙasa ƙasa. Ina ƙirga ƙananan hukumomi sai na ga Kano 30.

Malam: Subhanallahi, 44 ɗin? Ina sauran 14?

Auta: Nasarawa! Da ya iso ƙaramar hukumar Nasarawa tamu ta nan sai ya ɗauka jiha ce, daga Rano, Rogo, Tarauni, Ungogo har Wudil duk ya kwashe su ya kai can.

Yaya: Hhhh to mutanen Tarauni sai a fara haɗa kaya, Lafiya za a.

Malam: Kuskuren kenan, kin bi suna. Suna ba amana gare shi ba. Ki ƙirga tazarar da ke farkon layi, ko ki bi lamba in akwai, a lambobin INEC Kano 19 ce, Ajingi 01. Amma ki karanta lambar a matsayin rubutu, in ba haka ba sifilin gaban nan ya tafi, Excel ma haka yake cinye shi ba sallama.

Yaya: Kuma kar ki raba kalmomi a kan tazara, Dawakin Kudu da Rimin Gado za su tsage biyu. Ga Ɗambatta, wani ya rubuta Danbatta, wani Dambatta, in fayil ɗin ba UTF-8 ba ne, wato tsarin adana haruffa da ya san ƙugiya, ƙugiyar ma sai ta koma wata alama mara kan gado.

Auta: To ni da manhajar SPSS aka koya mana a makaranta fa?

Malam: Akwai umarnin FILE TYPE NESTED a cikinta, don irin wannan aka yi shi, sai dai yana so kowane layi ya zo da alamar matakinsa, naki kuwa babu. Zauna a R ɗinki. Kina gamawa ki ƙirga, ƙananan hukumomi 44 a Kano, mazaɓu 484, ƙasa baki ɗaya kuma ƙananan hukumomi 774.

Auta: Bari na buɗe laftof ɗin yanzu... kai, caji saura 6, Yaya miƙo min waccan cajar.