Waƙar Birjil da littafin Ishaya: kama ko aro?

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? Toh madalla.

Bari in fara da wata 'yar waƙa mai layi 63 da Birjil, babban mawaƙin Rumawa, ya rubuta da Latinanci wajen shekara 40 kafin haihuwar Almasihu. Mutumin nan gumaka yake bauta wa, ya mutu ma tun shekara 19 kafin haihuwar, amma a waƙar sai ga shi yana cewa budurwa ta dawo, za a haifi wani yaro daga sama, zamani zai gyaru, garken dabbobi zai daina tsoron zaki, maciji zai mutu. Duk wanda ya san littafin annabi Ishaya a Littafi Mai Tsarki, sura 7 da sura 11, dole gabansa ya faɗi, don can ma akwai budurwa da ɗa, ga kyarkeci zaune da ɗan rago, zaki yana cin ciyawa kamar sa. Shi ya sa a ƙarni na 4 Sarki Kwanstantin na Rum ya ɗauko waƙar a wani jawabinsa ya ce ai annabci ne kan Almasihu.

Ni dai gaskiya ban gamsu ba. Budurwar da Birjil yake nufi allahiyar adalci ce ta tatsuniyoyinsu, wadda suka ce ta bar duniya da mutane suka lalace. Yaron kuma masana da yawa suna ganin ɗan da ake sa ran Antoni, ɗaya daga cikin shugabannin Rum na lokacin, da Oktabiya, 'yar'uwar abokin hamayyarsa, za su haifa ne, auren siyasa ne aka ɗaura a shekarar don a kashe wutar yaƙin basasa. Da haihuwa ta zo kuma sai aka samu mace. (dariya) Mutanen da yaƙi ya gajiyar, ko a Rum suke ko a Urushalima, mafarkinsu yakan zo ɗaya, kuma kama da wane ba ta wane.

Inda aro na gaske yake, a makaranta ne. Duk yaron da ya yi karatu da Latinanci a ƙarni na 4, ɗan Kirista ne ko ɗan mai gumaka, waƙoƙin Birjil ya haddace a gaban malami ɗaya, shi ne bakin da suka iya magana da shi. Sarki Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma gumaka, ya gane haka sarai, a 362 ya hana malamai Kiristoci koyar da irin waɗannan littattafai na masu gumaka, ya ce su tafi coci su yi ta fassara Matiyu da Luka. Bai daɗe ba ya mutu a 363.

A wannan ƙarni na 4 ne wata mata 'yar manyan gida a Rum mai suna Proba ta yi wani aiki da har yau yake ban mamaki. Ta tsinto layuka da rabin layuka daga waƙoƙin Birjil, ta ɗinka su kamar mai haɗa ƙyallaye, layi 694, ta ba da labarin littafin Farawa da na Linjila, kusan ba kalmarta ko ɗaya, ko sunan Yesu ba ta iya ambata ba don babu shi a Birjil. Ku ji misali. A wata doguwar waƙar Birjil akwai inda birnin Taroy yake cin wuta, tsoho Ankisis, uban jarumin labarin, ana ta roƙonsa ya fito su gudu, waƙar ta ce ya kafe ya ƙi motsi. Kalmar Latin ɗin kamar namu kafe take, tana ɗaukar taurin kai, tana ɗaukar abin da aka kafe da ƙusa. Sai Proba ta ɗauke layin sukutum ta kai shi wajen gicciye Yesu. Taurin kan tsoho ya koma ƙusa.

Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latinanci, abin nan haushi yake ba shi ba kaɗan ba. A wata wasiƙa ya kawo wannan layin da na budurwar, ya ce wasan yara ne, ana so a mai da Birjil Kirista ba tare da Almasihu ba. Amma fa shi ɗin ma bai tsira ba, a 384 da kansa ya rubuta cewa ya taɓa yin mafarki an ja shi gaban alƙali, aka ce kai wane ne, ya ce Kirista, aka ce ƙarya kake, kai almajirin Sisero ne, wato shahararren marubucin Rumawa na zamanin gumaka, aka zane shi da bulala har ya farka da shati a kafaɗa, ya rantse ya bar littattafan duniya.

Eh malam, ka ɗaga hannu? Ko ya cika rantsuwar? Toh, tsohon abokinsa Rufinus da suka ɓata ya fallasa shi cewa a Baitalami yana nan yana koya wa yara Birjil. Da Jerom ya zo ba da amsa cewa ya yi, wa zai kama mutum da alkawarin da ya ɗauka cikin barci.