Darasi: Yadda Ɗalibai Za Su Haɗa Taki Daga Ragowar Abincin Jami'a

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da warhaka. Yau 22 ga Afrilu, ranar da aka keɓe domin kula da doron ƙasa, kuma muna tsaye a bayan ɗakin cin abinci na ɗalibai tare da iyayenmu mata daga unguwar da ke maƙwabtaka da jami'a, waɗanda suka taimaka mana da buhunan kashin awaki.

A Amurka aka fara bikin wannan rana a shekarar 1970, lokacin da Sanata Gaylord Nelson ya nemi jami'o'i su zauna su tattauna gurɓatar muhalli, kuma an zaɓi ranar ne saboda ta faɗo tsakanin hutun bazara da jarrabawar ƙarshen zango. A can, Afrilu wata ne na tsirowar ganye bayan sanyi, shi ya sa suke dashen itatuwa. Mu kuwa a nan zafi ne yake kan ganiyarsa, kuma wanda ya dasa itace yau ya ɗora wa kansa ban ruwa safe da yamma, galibi ma ya bushe kafin ruwan farko. Saboda haka taki za mu haɗa yanzu, dashe kuma sai damina ta zauna.

Na san kowa yana da shebur da baro, ramin kuma an riga an haƙa shi a inuwar darbejiya, mita ɗaya kowane ɓangare. Za mu fara da ɓawon doya da... a'a, ku yi haƙuri, na tsallake karan dawa. Shi ake fara shimfiɗawa a ƙasa domin iska ta riƙa shiga. Bayansa sai busasshen ganye kwando uku, sannan ɗanyen kaya kwando ɗaya, wato ɓawon doya, ganyen kabeji da ruɓaɓɓen tumatir, a yayyafa kashin awaki a kai, a maimaita har rami ya cika. Nama da ƙashi da duk abin da ya ji mai ba sa shiga.

Yanzu ga wurin da ya daɗe yana ba ni wahala, wato ruwa. Shekarar da na fara, na juye tukunyar ragowar dafa-duka na kuma bi ta da bokiti huɗu, cikin kwana uku wari ya kori masu karatu daga ƙarƙashin bishiya, ƙudaje da ɓeraye suka mai da wurin gida. Ku duba hannuna da kyau. Na damƙi haɗin na matse, ɗigo ɗaya ko biyu ne kawai ya fito, kuma da na buɗe hannu bai warwatse ba. Idan ruwa ya tsiyaya ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, sai a ƙara busasshen ganye. Idan kuma ya wargaje kamar garin rogo, ƙishirwa yake ji. A wannan zafin, gwajin nan kowane kwana biyu ake yinsa.

Wasu suna sayen ma'aunin zafi domin su ga ya kai digiri 55 zuwa 65. Ni dai guntun rodi nake cusawa a tsakiya, in bayan minti goma na zaro shi da zafi, to aiki yana tafiya. A rufe da tsohon buhu, a juya bayan kowane mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko.

Hajiya tana tambaya ko za a sa toka. Za a sa, Hajiya, amma tafin hannu ɗaya ya isa kowane hawa. Masu son dashen zogale da mangwaro kuma, ƙungiyarmu ta ɗalibai tana rainonsu a leda, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma wanda ya zo juya rami sau uku za a ba shi biyu kyauta. Ɗan'uwa, miƙo mini wancan buhun mu rufe kafin rana ta take.