Darasi: Yadda 'yan amshi ke haɗa murya

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan Zariya. Darasin yau na 'yan amshi ne, ko masu bege, ko ɗaliban Islamiyya, ko mawaƙan coci irin na Wusasa.

Mu fara da kunne. In kana amshi ba ka jin muryar na kusa da kai, to ka cika ƙara, sassauta. Ga ɗalibaina huɗu tare da ni. Ku matso, ku yi da'ira. 'Yata, ɗauko mana "uuu", ki riƙe. Sauran ku shigo ɗaya bayan ɗaya. To, kun ji yadda sautin ke rawa, wuu-wuu-wuu? Alama ce muryoyin sun kusa haɗuwa amma da saura. Kai na tsakiya, ɗaga kaɗan. Kaɗan dai, ɗana. Yauwa! Rawar ta tsaya. Ni wannan lokacin ne ke tayar mini da tsigar jiki, baki huɗu kamar maƙogwaro ɗaya.

Ku duba bakunan juna kuma. In wani ya wangale baki, wani ya tsuke, wasalin ba zai zo iri ɗaya ba ko da sautin daidai yake.

Yanzu mu raba murya. Ke tsaya a kan "do", wato sautin ƙasa, kai hau "mi", na tsakiya, ku biyu ku ɗauki "so", na sama. Kowa ya riƙe tasa, kada ta maƙwabci ta janye shi. Da farko sai ta janye ka, kada ka karaya, sake ɗaukowa.

Ga inda nake so ku natsu. Hausa harshe ne mai karin sauti. Ku ce "wuya" ta jiki, sauti ya hau ya sauko. Ku ce "wuya" ta wahala, ya faro ƙasa ya hau. Saboda haka in jagora ya hau, mai murya ta biyu ya hau tare da shi, in ya sauko su sauko tare, tazarar na nan yadda take. In kuka saɓa, kalmar za ta dagule a kunnen mai saurare.

Numfashi kuwa, a dogon baiti kada ku ja shi lokaci guda, ku yi karɓa-karɓa. In hunturu ya shigo, ku riƙa kurɓar ruwan ɗumi kafin gwaji.

To, mu koma kan "uuu". 'Yata, bismillah.