Kowane Baƙo Ya Samu Mai Masauki

Bismillahir rahmanir rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, Allah gafarta malamanmu, iyayenmu maza da mata, ƙannena da 'ya'yana, barkanku da warhaka. Waɗanda suka taso daga Bolton da Rochdale da Salford cikin wannan sanyi, Allah ya ba da ladan zumunci. Sababbin zuwa kuma, ga su nan da yawa a layin baya, barkanku da zuwa Manchesta. Maganata a kanku take, amma da mu da muka riga ku zuwa nake yi.

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Kakanninmu fatake sun san haka, shi ya sa duk inda suka yada zango, daga Kumasi har Sabo ta Ibadan, akwai maigida mai saukar baƙi. Shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kuɗinka, ya tsaya maka a wajen ciniki, ya gaya maka wanda za ka yarda da shi. Mu a nan mun bar wannan aiki a hannun WhatsApp. Mutum ya sauka da iyalinsa, a tura masa lambar dillali, a ce Allah ya ba da sa'a. Wannan bai isa ba.

Ku ɗauki maganar gida, domin a nan ake fara cutar mutanenmu. A Ingila, tun dokar 2019, kuɗin kama gida, wato kafin alƙalami, bai wuce hayar mako ɗaya ba. Kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa bai wuce hayar mako biyar ba a irin gidajen da muke kamawa, kuma dole ya sa shi cikin asusun da gwamnati ta amince da shi kafin kwana 30, ya ba ka shaida a rubuce. Dillali ba shi da ikon karɓar kuɗin nuna gida ko na rubuta yarjejeniya. Sabon zuwa bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya saba da cewa in an faɗi kuɗin dillali sai a biya, sai ya biya. Wani ma tun yana Kano ya tura kuɗin ɗakin da ya gani a Facebook, ya iso ya tarar babu ɗakin. Da ɗayanmu ya taka ya duba ƙofar, da kuɗin nan suna aljihunsa.

In an samu gidan, sai yaƙi da danshi. Mun fito daga ƙasar da bango ke bushewa da kansa. A nan kuwa, tsoron kuɗin wuta da gas ya sa mutum ya kashe hita, ya rufe tagogi, ya shanya wanki a ɗaki, kafin wata guda baƙar funfuna ta cinye kusurwar bango. Kada kowa ya ɗauke ta ƙazanta kawai. Nan kusa da mu a Rochdale, a Disambar 2020, yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ɗan wasu bayin Allah da suka zo daga Sudan, ya rasu, kuma bincike ya tabbatar funfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi. Mahaifinsa ya yi ta kai kuka ba a gyara ba. Allah ya sa mai ceto ne. Saboda shi aka yi dokar da ke tilasta wa masu gidajen hukuma gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Don haka, 'yar'uwa, in kin ga baƙar funfuna a bango, ki ɗauki hoto, ki rubuta wa mai gida, ki ajiye kwafi. Kiran waya ba shaida ba ne a ƙasar nan. In Turancin wasiƙar ya yi miki nauyi, akwai yaranmu 'yan jami'a a wannan ɗaki da za su rubuta.

Sauran abubuwan gajeru ne, sai dai sai an gaya wa mutum. Rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, kyauta ce, kuma a yi ta tun ana lafiya. Makarantar gwamnati kyauta ce ga yara, ta hannun ƙaramar hukuma ake neman gurbi. Takardar harajin gida za ta zo ko ba ka neme ta ba. Ɗalibi mai cikakken karatu an yafe masa, babba ɗaya a gida kuma ana rage masa kashi 25 cikin ɗari, amma sai ya nema. Wasiƙar hukuma mai ambulan ruwan ƙasa ba a jefa ta ƙarƙashin katifa. Ɗalibin jami'a mai bizar karatu kada ya wuce awa 20 na aiki a mako lokacin karatu, ko wa ya ce masa ba a dubawa.

Sai abin da ya fi damuna. Tun daga 2022 'yan'uwanmu da yawa sun shigo da bizar kula da tsofaffi da marasa lafiya. Wasu sun sayar da fili da gona suka ba 'yan kamasho, suka iso aka ce babu aiki, ko kuma hukuma ta ƙwace lasisin kamfanin, aka ba su kwana 60 su samu wani. Ga shi bizar ta hana su tallafin gwamnati. Daga Maris 2024 kuma aka hana masu wannan aiki zuwa da iyali, kamar yadda aka hana yawancin ɗalibai tun Janairun shekarar. Ma'anarsa, akwai magidanta da mata a garin nan da ke kwana su kaɗai a ɗaki ɗaya, 'ya'yansu na Zariya ko Maradi, rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu a Disamba, su dawo daga aikin dare ba wanda zai ce musu sannu. Kuma ba za su faɗa ba. Mun san halinmu, Bahaushe zai kwana da yunwa ya ce lafiya lau. A gida ana jiran aike, shi kuma kunya ta hana shi cewa bai ga albashi ba. Irin wannan mutum ba zai zo taro ya ɗaga hannu ba, sai an bi shi har ɗaki. Iyayenmu mata, ku kuka fi mu iya wannan. Kwanon tuwo da miyar kuka da aka kai wa amarya ko mai jego a Longsight ya fi duk abin da zan faɗa a nan amfani.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Duk wanda ya iso garin nan, ɗan Najeriya ne ko Nijar ko Gana ko Kamaru, ƙungiya ta haɗa shi da gida ɗaya daga cikinmu na wata uku. Ba na cewa a ba shi ɗaki, na san gidajenmu matsattsu ne, kuma yarjejeniyar haya ta hana wasunmu saukar da kowa. Abin da nake nema shi ne mai masaukin ya karanta takardar haya kafin a sa hannu, ya raka shi wajen likita da makarantar yara, ya nuna masa masallacin Juma'a da shagon naman halal a Cheetham Hill ko Rusholme, ya koya masa hawa bas, sannan ya kira shi kowane mako. Mace a haɗa ta da mace. Kuma mu gaya wa iyaye gaskiya tun da wuri: dukan da ya bar shaida a jikin yaro yana iya kawo jami'an kula da yara har cikin gida, gara su ji daga bakinmu.

Na kuma roƙi a ware wani abu daga kuɗin wata-wata ya zama rance marar ruwa ga wanda kuɗin ajiyar gida ya gagara, ya biya a hankali in ya fara aiki. Ma'aji zai iya kawo mana lissafi a taro mai zuwa.

Takarda tana wajen sakatare a bakin ƙofa. Wanda zai iya ɗaukar gida ɗaya ya rubuta sunansa da unguwarsa kafin a zuba abinci, sababbin zuwa ma su rubuta nasu a ɗaya shafin, don mu haɗa su yau tun ba a watse ba. Na gode da sauraro. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.