Injin Kwashe Ruwa a Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa: Yadda Ake Girka Shi da Kula da Shi

[Hoto: daɓen wani sito da dare, ruwa ya kai idon sawu, buhuna sun jiƙe]

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi wannan sito da kyau. Kwanonsa lafiya lau, ƙofarsa a garƙame, amma ruwa ya kai idon sawu. Ta ƙarƙashin daɓe ya ɓullo, ta tsagin da ke tsakanin bango da siminti. A Zariya ruwan da ke sauka a shekara yana kai milimita 1,000 har ya ɗan wuce, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba yake zuba. Idan Agusta ta yi nisa ƙasa ta ƙoshi, ruwan da ke cikinta sai ya taso, ya nemi duk inda ya fi kwari. Ɗakunan ƙarƙashin bene a Sabon Gari, ramin janareta, gidajen da ke gangaren Kubanni, da tsofaffin gidajen cikin birni waɗanda aka yi ta cika titi har tsakar gida ta koma ƙasa da kwata, duk ciwonsu ɗaya.

Maganin shi ne a yi wa ruwan rami, a sa masa injin da zai riƙa tashi da kansa yana kwashewa.

Amma kafin ka je kasuwa, ɗaga kai ka dubi indararo. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Rufin da ya kai murabba'in mita 150, idan aka yi ruwa mai milimita 50, ya tara lita 7,500, wato duro 37 da rabi, kowanne mai lita 200. In duk wannan a gindin bango yake zuba, kai ne kake shayar da ɗakin da hannunka. A ja ruwan rufi da bututu zuwa kwata, a cika gindin bango ya gangara waje. Gidaje da yawa daga nan ma sun huta.

[Hoto: birkila yana zuba ruwa a daɓe da bokiti]

Wurin rami. Zuba bokitin ruwa a daɓe ka ga inda ya taru, nan ne wurin. Sai dai kada ka manne shi da bango. A bar aƙalla santimita 30 daga harsashin ginin bulo. Idan ginin ƙasa ne, a ja baya mita ɗaya ko fiye, domin tona gindin katangar ƙasa da damina ganganci ne.

Faɗin ramin da aka gama ya zama santimita 45 zuwa 60, zurfinsa 60 zuwa 75. Ka tona fiye da haka kaɗan, saboda tsakuwa. Duron roba mai lita 200, a yanke shi daidai tsawon da ake so, yana yin aikin sarai, kuma ba ya tsatsa kamar na ƙarfe. A huda jikinsa da ƙananan ƙofofi na milimita 8 zuwa 10, a naɗe shi da raga mai ƙananan idanu don ta tare laka. A zuba wankakkiyar tsakuwa santimita 10 zuwa 15 a gindin rami, a zaunar da duron bakinsa daidai da daɓe, a cika gefensa da tsakuwa, sannan a rufe santimita 10 na sama da kankare. Wankakkiya muka ce. Tsakuwar da aka sauke da garinta, ruwan farko zai wanke garin ya kai cikin inji.

Idan ɗakin babba ne, rami kaɗai ba zai jawo ruwan ɗaya kusurwar ba. Sai an yanka daɓe a bi gefen bango, a shimfiɗa bututu mai inci 4 da aka huhhuda, cikin tsakuwa, yana gangarowa santimita ɗaya a kowace mita har ya shiga duron.

Yanzu inji. A nan ake yawan asarar kuɗi. Sumon rijiyar burtsatse ba na wannan aiki ba ne. An yi shi ne don ruwa mai tsabta, yashi kuma yana cinye cikinsa. Ka ce wa mai shago injin ruwan datti kake so, wanda ake nutsarwa, mai fulot a jikinsa. Fulot shi ne ƙwallon nan da ke yawo a saman ruwa: in ruwa ya ɗaga shi inji ya tashi, in ya sauka inji ya tsaya. Ka duba kwalin, za ka ga girman dattin da yake iya haɗiyewa a milimita. Sannan ka karanta farantin da ke jikinsa. Wutarmu bolt 230 ce, bugunta 50 a daƙiƙa. Injin gwanjo da ya fito daga Amurka, mai 115 ko 120, kana jona shi ya ƙone.

Ƙarfinsa fa? Kada ka yi ƙiyasi da ido, a auna. Ranar da ake ruwa mai ƙarfi, a kwashe ramin, a tsoma sanda, a ga santimita nawa ruwa ya hau cikin minti ɗaya. A rami mai faɗin santimita 45, kowane santimita lita 1.6 ne. A duron lita 200, wajen lita 2.6. Misali ruwa ya hau santimita 10 a duro: lita 26 a minti, lita 1,560 a awa. A ƙara rabin wannan saboda ranar da ruwa zai yi hauka, ya zama lita 2,340. Injin da zai fitar da wannan kake nema.

Sai dai akwai wayon da ke kan kwali. Za ka ga lamba biyu manya: yawan litar da yake fitarwa a awa, da tsayin da yake iya tura ruwa. Ba a samun su tare. Yawan litar nan sai a kwance ake samunsa, ba tare da hawa ba. In an kai ƙarshen tsayin kuwa, ko ɗigo ba ya fita. Abin dubawa shi ne zanen layin nan mai lanƙwasa da ke cikin takardar inji. Auna daga gindin rami zuwa inda bututu ya fi tsawo, a ce mita 3. Ƙara mita ɗaya a kan kowace mita 10 ta bututun da ke kwance, da ɗan ƙari saboda elbo. Sai ka nemi mita 4 ko 5 a zanen, ka ga lita nawa ta rage. Ga yawancin gidaje, inji mai ƙarfin rabin doki, wato 0.5HP, ya isa har da saura. Wanda ya fi ƙarfin ramin kuma ba gwaninta ba ce: cikin daƙiƙa goma ya kwashe ya tsaya, ya sake tashi, ya sake tsayawa, kuma wannan tashi-tsaya shi ke kashe moto.

[Hoto: hannun filamba yana jera kayan aiki a kan buhu]

Ga kayan haɗi: bututun roba mai kauri na inci ɗaya da rabi, adafta mai zare, yuniyon, bawul mai hana ruwa komawa, elbo, gam, da igiyar nailan. Kada a rage bututu ya gaza bakin inji. Wanda ya sa inci ɗaya don sauƙin kuɗi ya shaƙe injinsa.

A ajiye falalen bulo ko tayil mai kauri a gindin duro, a ɗora inji a kai, don kada ya riƙa tsotsar lakar da ta kwanta. A ɗaura igiya a mariƙinsa, da ita ake sauke shi, da ita ake ciro shi. Wayar wuta ba igiyar guga ba ce. Ja ɗaya ya isa ya buɗe inda take shiga moto, ruwa ya samu hanya.

A ɗaura adafta, a manna bututun da zai miƙe sama. Ga wani ɗan aiki da mutane da yawa ba su sani ba. Kamar taƙi ɗaya sama da bakin inji, a cikin rami, a huda bututun da ƙofa ta milimita 5, tana kallon ƙasa. Dalili: idan rami ya bushe, iska na shiga cikin inji. Ruwa ya dawo, inji ya tashi, amma iskar ta maƙale tsakanin farfela da bawul, ba ta da ƙarfin ture shi. Za ka ji moto na ta juyi, ruwa kuwa yana hawa. Wannan ƴar ƙofa ita ke sakin iskar. In ka ga tana fesar da ruwa lokacin aiki, haka ake so, kada wani ya toshe ta da sunan gyara.

Sama da ita, daidai bakin rami inda hannu zai kai, sai yuniyon, sai bawul. Akwai kibiya a jikin bawul, sama za ta kalla. Amfaninsa a fili yake: kowace mita ta bututun inci ɗaya da rabi tana riƙe da fiye da lita ɗaya, in babu bawul duk ruwan da ke tsaye zai koma rami da zarar inji ya tsaya. Yuniyon kuma shi zai ba ka damar ciro inji ba tare da zarto ba.

Saitin fulot. A ɗaure wayarsa yadda zai tayar da inji tun ruwa bai kai bakin bututun da ke shigowa ba, kuma aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓe. Ya tsayar da shi ruwa na rufe da gindinsa, domin ruwan ne ke sanyaya moto. A ɗaga fulot da hannu, a sake shi, a tabbatar ba ya gogar jikin duro, ba ya sarƙewa da bututu. Masu gidajen bakin fadama, ku lura: in ruwan ƙasa a wurinku kullum yana nan, kuka sa fulot can ƙasa, inji zai kwana ya wuni yana ƙoƙarin ƙafar da fadama. A ɗaga shi sama da inda ruwan ya saba tsayawa.

A waje, bututu ya yi nesa da harsashi aƙalla mita 3, yana gangarowa, ya zuba a kwata, bakinsa sama da inda ruwan kwata ke kaiwa in ta cika. Ban da sokawe, domin za ta cika ta dawo maka da abin da ya fi ruwa muni. Ban da bayan katangar maƙwabci, in ba so kake ku kwana gaban mai unguwa ba. A sa raga a bakin saboda ɓera da kwaɗi. Ramin kuma a yi masa murfi mai nauyi wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba, ya kuma hana sauro.

[Hoto: hadari ya haɗo, iska na kaɗa bishiyoyi, fitilun layi sun mutu]

To, ga babbar maganar. Kowa ya san hadari na haɗowa ake ɗauke wuta. Lokacin da aka fi buƙatar injin, lokacin ne ba shi da abin tashi. Wanda bai yi tanadin wannan ba, ado ya sa a rami.

Moto yana jan wuta sau uku ko fiye a daƙiƙar tashi. Ƙaramin janaretan nan na shago da ƙyar ya tayar da mai rabin doki. A nemi na kilowat 2. In inbata ce, kada ta gaza kVA 1.5, kuma ta zama mai ba da tsabtatacciyar wuta irin wadda moto ke so. Batir mai 200Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya. Rabi ake ci in ana son ya daɗe, wato 1,200. Injin da ke jan wat 500 zai yi wajen awa biyu yana juyi ba tsayawa, da yake kuma yana hutawa tsakani, yakan kai asuba. Inbata ta fi janareta a nan da abu ɗaya: ba ta jiran wani ya farka. Batir da inbata a ɗora su a kan kanta, janareta kuma a waje, kada a kunna shi cikin ɗakin ƙasa, hayaƙinsa kisa yake.

Soket na inji shi kaɗai, mita ɗaya ko fiye daga daɓe, da wayar ƙasa mai aiki, da birekar kariya mai 30mA wadda ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa cikin ruwa. Wannan aikin mai wayarin ne. Kada a yi ƙarin waya da salatif a cikin rami. Inda wuta ke zuwa da rauni, a sa na'urar da ke katse ta in ta yi ƙasa, domin raunin wuta na dafa moto.

Kulawa. A nan injin yakan yi kusan wata shida a kwance, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Lakar bara ta bushe ta kama farfela kamar siminti, ƙurar hunturu ta ƙara. Saboda haka ko da rani, sau ɗaya a wata a zuba bokiti uku ko huɗu a rami, a bar shi ya tashi da kansa ya tsaya da kansa. A watan Afrilu kuma a yi babban wanki: a zare filogi tukuna, a kwance yuniyon, a ciro shi da igiya, a wanke ragar gindinsa, a juya farfela da sukudireba a ji tana tafiya, a kwashe lakar rami, a zura waya a ƴar ƙofar iska, a duba ko ɓera ya ci wayar wuta.

In ya yi gardama, sauti zai gaya maka. Yana gurnani amma ba ya juyawa: farfela ta kama, ko kafasita, abin da ke taimaka wa moto tashi, ya mutu, a kashe nan take. Yana juyi lafiya ruwa ba ya fita: iska ce, ko bawul a juye, ko ledar fiya wata ta manne a ragar gindi. Yana tashi duk bayan minti ɗaya ba a ruwa: bawul na yoyo, ko wayar fulot ta yi gajere. Ya ƙi tsayawa: fulot ya maƙale a sama. In kuwa bireka ce ke faɗuwa duk sa'ad da ya tashi, ruwa ya shiga moto ko waya. Kada a yi ta mayar da ita, kada a tsallake ta, kada kowa ya sa ƙafa cikin ruwan. A kashe wutar ɗakin daga babban allo, a ciro injin da igiyarsa, a kai wa mai gyara.