Burgundi: Inabi Iri Ɗaya, Ɗanɗano Daban-daban

Jama'a, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa kan yadda ake ɗanɗana giyar inabi ta Burgundi, a gabashin Faransa. Ta ƙofar ƙasar noma zan shigo, don ita ce sana'ata.

Na farko, iri. Jar giyarsu kusan duka daga inabin Pinot Noir take, farar kuma akasari daga Chardonnay. Shi ke nan, mu wuce.

Na biyu, nan fa zuciyata take. In ka bar birnin Dijon ka yi kudu zuwa garin Beaune, gangare ne dogo a hannun dama, yana kallon gabas. Mai ɗanɗano zai jera kofuna uku: iri ɗaya, kakar shekara ɗaya, manomi ɗaya, amma ɗaya daga gindin gangaren, ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya. Ya duba launi, ya juya kofin, ya shinshina, ya kurɓa, ya furzar. E, furzarwa suke yi, in ba haka ba kafin kofi na ashirin sai dai a kwashi mutum ranga-ranga! (Dariya.) Me yake nema? Ƙamshi, tsami, da bauri, irin wanda ɗanyar kanya ke bari a harshe.

Ta gindin gangare, laka ce mai riƙe ruwa, ɗanɗanon ba ya daɗewa a baki. Ta can sama ƙasa ba kauri, ga sanyi, sai tsami ya fito. Amma tsakiya, jama'a, tsakiya! Tsakuwa da dutsen farar ƙasa, ruwa na tsanewa, hantsi na dukanta. A nan mafi yawan gonakin da suke kira grand cru, wato mafiya daraja, suke, guda 33 ne a duk Burgundi. Wani wurin hanyar ƙafa kawai ta raba gona da gona, amma kuɗin kwalba ya ninka. Hanyar ƙafa fa! Wanda ya san albasar Galmi ya gane ni. Kowane yanki da sunansa, 1,247 daga cikinsu UNESCO ta sa a kundin kayan tarihi a 2015. Ku ɗauki gonar Clos de Vougeot, hekta 50, Kiristoci 'yan zuhudu na gidan ibadar Cîteaux suka kewaye ta da katanga, yau masu ita wajen 80 ne. Suna ɗaya a kwalba, amma ta sama daban, ta gindi daban. Na ce tsakiya, ko?

Na huɗu... af, na uku. Bismilla, Malama, ina jin ki.

Tana tambaya wai da gaske saiwar inabin Burgundi ba ta Faransa ba ce? Gaskiya ne. Wani ƙaramin ƙwaro, filoksera, ya shigo daga Amurka a shekarun 1860, yana tsotse saiwa har itacen ya bushe. Inabin Amurka ya saba da shi, sai aka yi musu aure: saiwa ta Amurka, reshe na Faransa. Kamar dai mangwaro mai aure da ke gonar babanki.